Shekarar da Aka Yi Watandar Littattafai

Nasiru, ɗan ƙanena, ya zo rumfata da abokansa biyu suna ta gardama a kan wata na'urar karatu da yake son saya. Ya miƙo mini wayarsa ya nuna mini hotuna uku. Wai fuskar abin kamar takarda take, ba ta ƙyalli, ba ta sa ido hawaye, kuma ana zuba mata littattafan da suka fi na rumfata yawa. Ɗaya ƙarama ce mai shiga aljihu, ɗaya mai launi, ta ukun kuwa faffaɗa kamar allo, ita ce mai tsadar. Na tambaye shi me zai karanta a ciki, ya ce komai da komai. Na ce to babu wadda za ta ishe ka. Ƙaramar ta labari ce, mai launin ta littafin zane, faffaɗar ta karatun makaranta, kuma duk wadda ka ɗauka sai ka yi kewar sauran biyun.

Suka kalli juna. Ɗaya daga cikin abokan, wani mai gilashi, ya ce, "Baba, ina kas san wanga? Ai ku aikinku ba shi da wuya, allura ta da zare da ɗan gam."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. A kan wannan benci gashin kaina ya yi fari ina ɗinkin littattafai da sayar da su a kasuwar Gusau, yau ga yaron da bai taɓa zura zare a allura ba yana gaya mini sauƙin aikina. Na ce su jawo kujera su zauna, tunda sun ga ba ni da ciniki.

A Bungudu na koyi sana'ar, wurin wani dattijo, Malam Ɗanbuba. Asalinsa baduku ne mai yi wa malamai gafaka, da littattafan boko suka yawaita ya koma ɗinkinsu. Aikin farko da ya ba ni damun gam ne. Gam ɗinmu ba na kwalba ba ne. Garin rogo ake tankaɗewa a dama a kan wuta marar ƙarfi, ana juyawa har ya yi yauƙi, sannan a zuba ruwan ganyen dogon yaro da aka jiƙa ya kwana. Ɗacin nan shi ke hana gara da kyankyaso cin littafi. In gam ya yi ruwa takarda ta kumbura, in ya yi kauri ya bushe ya tsage. Malam Ɗanbuba ba ya duba tukunya da ido, yatsa yake tsomawa ya ɗanɗana. In bai yamutsa fuska ba, to ɗaci bai kai ba, sai ya turo mini tukunyar da ƙafa ya ci gaba da abin da yake yi. Bai taɓa zagina ba, amma da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Damina ta zo ta wuce ina damun gam kafin ya bar ni na taɓa basilla.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan har yau a akwati: basillar huji, allura mai babban ido, zaren da ake ja a kan kakin zuma don kada ya ruɓe, aska, da ƙashin haƙarƙarin sa da ake kwantar da ninki da shi, ya sha hannu har ya yi santsi. Sai matsi, katako biyu da noti, wanda wani makaniki a tasha ya haɗa mini lokacin da na dawo Gusau na kafa tawa rumfar. Wanda ya leƙa akwatin zai ce wasa ne. Amma ɗinkin rabin aiki ne, ɗaya rabin shi ne sanin littafin da ya dace da hannun da zai riƙe shi, kuma shi wannan ba a gama koyonsa.

Akwai wata Hajiya a Damba da ke ba matan unguwa hayar littattafan labari. Takan aiko mini da su cikin kwando, sun sha manja da hayaƙi. Irin waɗannan ba sa son kwali mai nauyi. Mace za ta riƙe da hannu ɗaya tana juya miya da ɗayan, in ta ji sallamar baƙi ta cusa a ƙugu. Sai a yi masa bango mai laushi da ƙyallen atamfa, a kama shi da zare, shi ke nan. Takardar ko irin ta jarida ce ba komai, muddin baƙin ya fito baƙi. Hajiya ba ta taɓa yi mini maganar kyau ba, tambayarta ɗaya ce kullum, ko shafin ƙarshe yana nan. Ta ce littafin da ya rasa shafin ƙarshe har gida yake jawo mata rigima.

Littafin zane kuwa, wanda ake ba da labari da hotuna, magana tana fitowa daga bakin mutanen ciki, wani direban layin Tsafe ne ya sa na san halinsa. Ya tara su da yawa, yana karantawa in ana jiran mota ta cika. Ya kai wa wani ya haɗe masa su da waya, wayar ta yi tsatsa, kuma an kama takardar da zurfi har maganar ta shige cikin ɗinki. Ya buɗe mini ɗaya yana huci, ya ce, "Duba, ga mutum ya buɗe baki, amma ban san mi yac ce ba." Na warware su ɗaya bayan ɗaya, na liƙa wa kowane shafi siririn ƙyalle a gefe, na yi ɗinkin a kan ƙyallen. Ba a datse gefen littafin zane, kuma ba a sa shi a matsi da ɗanyen gam, in ba haka ba launin wannan shafi ya koma kan wancan.

Littafin makaranta shi ne mai wahalar, don ba mutum ɗaya ke riƙe shi ba, wa ya gama ya bar wa ƙane. Kafin in ce wa uba ya saya, sai na ɗaga shafi ga rana na ga ko rubutun baya yana leƙowa. In shafa yatsa mai damshi in ga ko tawada za ta biyo ni. In buɗe tsakiya in ajiye a benci, in ya rufe kansa to yaro ba zai iya kwafa daga ciki ba. A ƙuryar rumfa kuma ina da wani lungu da na kewaye da buhu, da fitilar aci-bal-bal a ciki, ko da tsakar rana nakan shiga da littafi in gwada. Masu bugawa a birni a ƙarƙashin lantarki suke duba aikinsu. Yaron ƙauyen Wanke da na Kucheri ba da lantarki zai karanta ba.

Shekarar da nake son ku ji labarinta tana cikin ƙarshen shekarun casa'in, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Mai ya yi wuya, motoci suna kwana a layi, kananzir ya zama sai wane da wane. Kayan da ke zuwa mana daga Kudu suka tsaya, wanda ya iso kuma ba ya taɓuwa. Kwali ma sai da na koma bin shagunan masu sabulu ina roƙon katan. A nan ne bugun bayan fage ya cika kasuwa. Littafin makaranta ne dai, suna ɗaya, bango ɗaya, amma an buga shi a takarda mai kama da ɓawon albasa, taswira ta zama dabbare-dabbare, ba ka bambance uku da takwas. Iyaye suna saya don shi suke iyawa. Mu kuwa masu ɗinki muka zauna, don takardar ba ta ɗaukar basilla, kana hudawa tana yagewa. Mutum biyu a layinmu suka tattara suka koma sayar da goro.

Bayan kaka Malam Lawali ya shigo rumfata yana jan keke, don bai sami mota ba. Malamin firamare ne a wani ƙauye can bayan Kucheri, siriri, mai saurin magana, shi kaɗai ke riƙe da manyan azuzuwa. Na san shi, yakan zo ya karanta littafi a tsaye ya ajiye ya tafi, ban taɓa hana shi ba. Ran nan ya zauna. Ya ce ƙauyen bai taɓa kai yaro sakandare ba, kuma iyaye sun gaji. Sun gaya masa a ƙofar masallaci cewa bana ce ta ƙarshe, in babu yaron da ya ci jarrabawar shiga, kowa zai janye nasa ya koma gona da kiwo. Shi kuma ya ce musu ba a cin jarrabawa da alli kaɗai. Da ƙyar ya shawo kansu kowane gida ya kawo hatsi, aka sayar a kasuwar Tsafe, abin da aka samu yana cikin hularsa.

"Malam Garba," ya ce mini, "ka hwaɗa mani gaskiya. In nis sayi mai araha, kowane yaro na samun nashi. In nis sayi na ƙwarai, 'yan kaɗan na, sai dai a yi karɓa-karɓa."

Na jera masa kashi uku a benci. Ga bugun asali, ga na bayan fage, ga tsofaffin da na gyara. Tsofaffin ya fara turewa, ya ce an canza manhaja, ni ban ma san an canza ba. Sauran biyun ya ɗauka ya shiga lungun buhu da kansa ya kunna fitila. Ya daɗe a ciki. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ajiye na bayan fagen a ƙasa.

"Ba ni ba ɗiyan mutane wanga," ya ce. "Makancewa za su yi kahin jarrabawa ta zo."

Ya ɗauki na asali, na lissafi da na Turanci da na kimiyya, 'yan kaɗan daga kowane. Da ni ne ma shi zan ɗauka, kuma har yau ban canza ra'ayi ba. Wani malami daga wajen Bungudu ya kwashi masu arahar a makon, kafin bazara ya dawo mini da su sun zama kamar dusa. A shekarar nan duk inda mutum ya juya asara ce, sai dai ya zaɓi irin wadda zai yi.

Ya bar mini su in ƙarfafa su, tunda hannaye da yawa za su bi. Na cire wayar kamfani, na huda sabon huji, na ɗinke kowane ƙulli da zare riɓi biyu. Ragowar kakin zuman da nake ta tattali a kansu ya ƙare. Na sa musu jar fata a gadon baya irin yadda Malam Ɗanbuba ke yi wa littafin malamai, gam ɗin kuma na ɗanɗana shi sai da na tofar. Ban taɓa yin ɗinkin da ya kai wannan ba. Da ya zo ɗauka ya ɗaga ɗaya ta bango ya girgiza, ko shafi bai motsa ba. Ya yi dariya, ya ɗaure su a bayan keke.

Bazara ta kusa ƙarewa sai ga shi ya dawo, da buhun taki a kafaɗa. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya zazzage buhun a kan bencina. Na ɗauka takardar ƙunshin tsire ya kawo mini, sai na hangi zarena a jiki, guntu-guntu, da kakinsa. Na ɗago na dube shi.

"Wa ya yi wannan?"

"Baba Labbo na, mai unguwarmu," ya ce. "Kuma wallahi ba da mugunta ba."

Ga yadda abin ya faru. An kira malamai Gusau don tantancewa kafin a biya su albashin da ya maƙale. Ya bar kekensa ya zo a mota da niyyar kwana biyu, aka yi ta ɗaga musu rana, da aka gama kuma babu motar komawa, ya shafe makonni. Kafin ya taho ya damƙa littattafan ga Baba Labbo, ya tsara cewa kowane gida zai riƙe na ɗan lokaci ya miƙa wa na gaba. Tsarin bai daɗe ba. Wanda ya ba da hatsi da yawa ya ce shi ba zai riƙe daidai da wanda ya ba da kaɗan ba. Wani gidan da littafi ya shiga ya ƙi fitowa. Mata suka daina gaisawa a bakin rijiya, har wata rana gida biyu suka fito da sanduna.

Shi kuwa Baba Labbo tun yana saurayi shi ke rabon watanda a ƙauyen. Kun san watanda, a haɗa kuɗi a sayi sa a yanka, a kasa naman daidai da yawan waɗanda suka zuba, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da kayan cikinsa. An san shi hannunsa ba ya karkata, ko ɗansa ba ya fifitawa. Da rigima ta kai masa, ya yi abin da ya sani. Ya tara magidanta a gindin tsamiya, ya shimfiɗa tabarma, ya sa wuƙa ya yanke ɗinkin. Ya kasa shafukan kashi-kashi, kowane gida da ɗan lissafinsa da ɗan Turancinsa da ɗan kimiyyarsa. Aka jefa ƙuri'a da karan dawa don a san wanda zai fara zaɓa, kowa ya ɗauki nasa ya tafi yana sa masa albarka. Daga ranar rigima ta mutu.

Da na kawo nan mai gilashin nan ya fashe da dariya. Na ce ka rufe bakinka. Mutanen nan ba wawaye ba ne. Hatsin da suka bayar daga bakin 'ya'yansu suka cire shi, kuma duk abin da aka taɓa haɗa hannu aka saya a ƙauyen, rabawa ake yi, taki ne ko gishiri ko nama. Babu wanda ya taɓa kawo musu abin da in an raba shi ya mutu.

Malam Lawali ya ce da ya iso ya gani, bai san lokacin da ya ɗaga wa dattijon murya a gaban jama'a ba. Baba Labbo ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Malam, da ka isko gawa da ka isko takarda a rabe, wane ya hi maka?" Sai Malam Lawali ya juya. Ya ɗauki buhu ya bi gida gida yana roƙo. Wasu suka ba shi, wasu suka ce rabonsu ne, ba su bayarwa. Wasu sun so bayarwa amma babu, akuya ta ci, ko iska ta ɗauka, ko an hura wuta da shi tunda babu kananzir. Kason Baba Labbo kuwa yana cikin rufewa, babban rumbun ƙasar da ake liƙe bakinsa da laka. Ya ce ba a buɗe ta sai ƙananan rumbuna sun ƙare, don in iyali suka ga bakinta a buɗe abinci ba ya kai su kaka. Bayan muryar da aka ɗaga masa, babu mai ƙarfin halin sake tambayarsa.

Na sauke labulen rumfa, na shimfiɗa tabarmi har waje, muka hau aiki ni da shi. Da farko muka ware su ta girman baƙi, don na lissafi ya fi ƙanƙanta. Sannan muka bi lambar shafi, kowane tsibi da dutse a kansa. Inda wuƙa ta cinye lambar ko wuta ta lashe, sai ya karanta ƙarshen wannan ni in nemo wanda farkonsa ya dace. Wasu shafukan suna warin daddawa, wasu da shatin haƙorin akuya, wasu an liƙa su a bango an ɓamɓaro da ƙasa a bayansu. Na riƙa sa musu ƙyalle ina bi da dutsen guga mai ɗan ɗumi har su miƙe, in liƙa siririn ƙyalle a gefe yadda na yi wa na direban nan. Kwanaki muka yi a haka, bayana ya ƙage, shi kuma a rumfar yake cin ɗan abin da aka kawo mini daga gida.

Na Turanci muka tayar da biyu, da 'yan giɓi. Na kimiyya ya fi tsira, don yana da hotuna kuma mutane sun adana masu hoto. Na lissafi ne ya karya mana gwiwa. Duk wanda muka haɗa sai ya tsaya a wuri ɗaya, a tsakiya, inda lissafi ke fara tsauri, shafukan da babu hoto ko ɗaya sai lambobi. Malam Lawali ya zauna ya dafe kai ya gaya mini dalili. A wurin rabo an ɗauki masu hoto a matsayin tsoka, masu lamba zalla a matsayin ƙashi. Ɗan ƙashin da ya faɗa wa kowane gida shi aka fara ƙunshe daddawa da shi. Mafi yawansa kuwa yana kason mai rabo, don a al'adarsu mai rabo shi ke ɗauka a ƙarshe, kuma abin da kowa ya ƙi shi ne nasa.

Na zaga kasuwa kaf ban sami bugun asali ko ɗaya ba. Na ba shi ɗaya daga cikin na bayan fage, ya ce zai riƙa kwafa a allo yana cankar uku da takwas. Ya ɗaure abin da muka tayar a bayan keke, wannan karon bai girgiza ko ɗaya ba. Ya koma ya tarar ruwan farko ya sauka, yara suna gona da safe wajen shuka, sai da rana suke zuwa masa a gajiye. Makonnin da suka salwanta ba su dawo ba.

Babu wanda ya ci. Ya ce mini yaro ɗaya ya kusa, jikan Baba Labbo, ya yi ƙoƙari a Turanci, lissafi ya kayar da shi. Iyaye suka cika maganarsu, ba tare da faɗa ba, kowa ya janye nasa. Malam Lawali bai nemi canjin makaranta ba, ya ajiye aikin. Na taɓa hango shi ta tagar mota a bakin titin Tsafe, da jarkoki a gabansa da mazurari a hannu, yana sayar da mai. Ya gan ni ya juya baya, ni ma na yi kamar ina gyara hula. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ban taɓa ganin mai son littafi kamarsa ba.

Ana cikin marka, gero ya fara fitar da kai, wani dogon tsoho ya tsaya a bakin rumfata da ƙunshin fatar akuya a hammata. Ya yi sallama, ya tambaya ko ni ne Garba mai ɗinki. Na ce ni ne.

"Ni na Labbo," ya ce. "Zarenka na da ƙarhi. Sai da nis sake wasa wuƙa."

Na ba shi wuri ya zauna. Ya kwance ƙunshin a hankali a kan gwiwarsa. Shafukan ne, farare tas, an barbaɗa musu toka saboda ƙwari, suna ƙamshin gero. Ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. Na ɗaga na sama na duba lamba, na duba na ƙasa. Su ne waɗanda muka nema.

"Jiya munka buɗe ruhewa," ya ce. "Ga rabona, ko gara ba ta taɓa shi ba. Ka ɗumke mani shi."

Na ce, "Baba, wannan ba shi da farko, ba shi da ƙarshe. Kuma malamin ya tafi."

"Na sani. Ni nir ruhe ƙohwar ajin da hannuna, awaki na shiga." Ya kakkaɓe toka daga shafin sama. "Cewa anka yi in raba, nir raba. Har yau ba wanda yac ce na cuce shi." Ya ɗago ya dube ni. "Kai dai ka ɗumke. Halan a aiko muna wani malami, kar ya isko mu hannu wohi."

Na ɗauko basilla. Babu kaki, na ja zaren a kan sabulu. Yana zaune yana kallon hannuna har na gama, bai sha ruwan da na ba shi ba. Littafin ya fara a tsakiyar wani lissafi ya ƙare a tsakiyar wani, kuma shafukan suna ta maimaita kansu, don daga littattafai dabam-dabam aka yanko wuri ɗaya. Na yi masa bangon katan, na sa a matsi ya ɗan kama, na miƙa masa. Ya auna shi a tafin hannu, ya ce ashe rabonsa ba ƙarami ba ne. Ya mayar da shi cikin fatar ya ɗaure, ya yi mini godiya, ya nufi tasha.

Shekara da shekaru ina tambayar mutanen Kucheri masu zuwa cin kasuwa. Ba a aiko wani malamin ba. Ajin ma daga baya hatsi aka riƙa zubawa a ciki.